Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sufetocin ma'adinai: wa ke duba abin da ke bisa kan mahaƙi?

Zuwa ga Darakta da ɗaukacin sufetocin Sashen Duba Ma'adinai,
Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai ta Tarayya,
Abuja.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni injiniya ne, kuma yawancin aikina a kan dutse da ƙasa na yi shi: yadda ake yanka su, da yadda ake hana su faɗowa kan wanda ya yanka. Na rubuto muku a fili ne domin masu sauka rami a Zamfara da Neja da Filato da Kaduna da Bauchi su ma su ji abin da aka roƙa a madadinsu, ko da wani ne zai karanta musu a waya.

Ba sai na tuna muku Galadima Kogo ba. Ranar 3 ga Yunin 2024, bayan an sha ruwan sama, rami ya rufta da ma'aikata a wannan gari na ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja, aka kwashe kwanaki ana tono. A Satumban 2025 sai ga Kadauri a ƙaramar hukumar Maru ta Zamfara, wata tara kacal bayan an ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa jihar tun 2019. A tsallaken iyaka, ramukan zinari sun rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa a jihar Maraɗi cikin Nuwamban 2021, aka ciro gawa aƙalla 18, kuma har da 'yan Najeriya cikin masu neman abinci a wurin. Abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi: ta'aziyya, ziyarar gani da ido, kwamitin bincike, daga nan a ce ai haramtacciyar haƙa ce. To amma Galadima Kogo wuri ne da ke hannun kamfani, kuma ƙasar da ta zubo ba ta tsaya duba takardar kowa ba.

Sashe na 44(3) na tsarin mulki ya damƙa duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa sashenku sa ido kan duk aikin haƙa, da tilasta bin ƙa'idojin lafiya da kare rai, da gudanar da bincike. Ƙa'idojin 2011 suka zo suka yi wa dokar sharhi. Wanda ya ce dukiyar ramin tasa ce, ai rufin ramin ma nasa ne. A watan Maris na 2024 an ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai, mutum sama da 2,000 daga jami'an Sibil Difens, kuma ba ni da ja a kan aikinsu. Sai dai tambayar da aka horar da su su yi ita ce ina lasisi. Tambayar da ta fi wannan saurin kashe mutum, wato me ke riƙe da abin da ke bisa kanka, taku ce, kuma a bakin ramukan da na sani ba a cika jin wanda ya zo daga gwamnati ya yi ta ba.

Bari in fara da ɓangaren kamfanoni, don can ne gyara ya fi sauƙi.

Idan aka yanka hanya a cikin dutse, nauyin da dutsen da aka kwashe yake ɗauke da shi ba ya tafiya ko'ina. Komawa yake kan bangaye da rufin da aka bari. Shi kuwa dutsen rufi ba dunƙule guda ba ne. Ko dai shimfiɗa-shimfiɗa ne, ko yana da tsage-tsage da jijiyoyi. Da zarar an buɗe ƙarƙashinsa, shimfiɗar da ke ƙasa takan fara saki daga ta samanta a hankali, yadda ido ba ya gani. Falle guda mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, kaurin santimita 30, ya kai tan 3. Hular kwano ba abin da za ta yi wa mutum a ƙarƙashin wannan.

Ƙusar rufi ita ce dabarar da duniyar haƙa ta tsaya a kai. Rodi ne na ƙarfe, tsawonsa galibi daga mita 1.2 zuwa 2.4. A huda rufin, a cusa shi, a ɗaure masa faranti a baki. Wani lokaci aikinta ta rataye raunannen dutse a jikin ƙaƙƙarfan da ke samansa. Wani lokaci kuma ta haɗe siraran shimfiɗu su zama abu guda. Ka jera katakai sirara guda biyar ka hau, za su lanƙwashe, kowanne yana zamewa kan ɗan'uwansa; ka buga musu ƙusa su haɗe, sai su ɗauke ka. Akwai ƙusar da kanta ke buɗewa a ƙarshen huda ya cije dutse in an murɗa ta. Akwai wadda ake liƙewa da danƙon rezin tun daga sama har ƙasa. Akwai bututu mai tsaga da ake dannawa cikin hudar da ta fi shi ƙanƙanta, ya riƙe da matsi kawai. Inda rufi ya yi faɗi ko mararraba ta yi girma, sai a sa doguwar igiyar ƙarfe. A tsakanin ƙusoshin kuma a shimfiɗa ragar waya ko a fesa kankare, don ƙananan duwatsun da ke ɓallewa su ma suna kisa.

Wahalar ita ce, ƙusa in ta shiga dutse ba a ƙara ganinta. Farantin kawai ya rage a waje. Mai kyau da ta banza kamarsu ɗaya ga wanda ke tsaye a ƙasa yana haska tocila. Katakon tokara aƙalla yana kuka kafin ya karye, tsofaffin mahaƙa suna jin sa su gudu. Ƙusa mara kyau shiru take yi har ranar da za ta saki, kuma kafin ranar ta riga ta sa mutane sun saki jiki suna zama ƙarƙashinta su ci abinci. Shi ya sa a ganina rufin da aka yi wa ƙusar ƙarya ya fi wanda ba a yi wa komai ba haɗari. Shi ya sa kuma dokarta ba za ta tsaya a "a tabbatar rufi ya tsaya da kyau" ba. Dole ta zo da lambobin da sufeto zai iya aunawa.

Amurka ta bi wannan hanya, kuma darasinta a rubuce yake. A shekarun 1960 faɗowar rufi tana kashe mahaƙan kwal kusan 100 duk shekara a can, fiye da kowane sanadi, alhali tun ƙarshen shekarun 1940 suke da ƙusar rufi. Ke nan kayan aikin kaɗai bai wadatar ba. Bayan fashewar mahaƙar Farmington a 1968, wadda ta ci mutum 78, majalisarsu ta yi dokar 1969, sannan ta 1977 da ta haifi MSHA, hukumar kula da lafiya da kare rayukan mahaƙa. Daga nan kowace mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa sai ta rubuta tsarin riƙe rufinta, daidai da irin dutsenta, hukuma ta amince, a kuma sake duba shi duk wata shida. Sufeto zai zagaye mahaƙar gaba ɗaya sau huɗu a shekara, ba tare da an sanar da zuwansa ba. Ƙusa da farantinta sai sun cika ma'aunin da ake kira ASTM F432, kuma mai mahaƙa ya ajiye takardar shaidar masana'anta ya nuna in an tambaya. Farantin da zai taɓa rufi kada ya gaza inci 6 a kowane gefe, sai inda dutse ya yi ƙwari ake yarda da inci 5. Ƙusar da ake ɗaurewa da murɗa, a auna ƙarfin ɗaurin ta farko nan take, sannan aƙalla ɗaya cikin kowace huɗu. Sai kuma ƙa'idar da ta fi duka muhimmanci, wadda ba ta cin ko sisi: ba wanda zai yi aiki ko ya wuce ƙarƙashin rufin da ba a riƙe ba. Layin ƙusa na ƙarshe shi ne iyakar ƙafar mutum. Sun ɗauki kusan shekara hamsin suna wannan, amma a 2016 aka wayi gari shekara ta ƙare ba a rasa mahaƙin kwal ko ɗaya ta faɗowar rufi ba.

Ban kawo Amurka don in ce mu kwafo littafinsu ba. Na kawo ta ne don ku ga inda suka kafa ido: wurin saye, lokacin kafawa, da bayan an kafa. Mu kuwa a dukan wuraren uku muna da namu ciwon.

Wurin saye dai kun san halin kasuwar rodi a ƙasar nan. Masu gini sun daɗe suna kuka da rodin da kaurinsa bai kai abin da aka rubuta ba, ko wanda ke karyewa in an lanƙwasa. Ɗan kwangilar da ke son rage kashe kuɗi ba abin da zai hana shi sayen irin wannan, ya kai wa mai walda ya yanka, a yi masa zare a baki, a yanko faranti daga tsohon ƙarfe, a kira shi ƙusar rufi. Na taɓa ganin irin wannan a wani wurin aiki da ba zan ambata ba, farantin har ya lotsa tun rufin bai fara motsi ba. Ku zauna da SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ku tsayar da ma'auni guda, namu ko aro, ku ce duk ƙusar da za ta shiga rami sai da alamar masana'anta a kanta da takardar gwaji a ofishin mahaƙa.

Danƙon rezin kuma yana da wa'adi, kuma zafi yana gajarta shi. Kwalin da aka jibge cikin kwantena a rana a watan Afrilu ba shi ne kwalin da ya baro masana'anta ba. In hudar ta fi rodin faɗi da yawa, danƙon ba zai gauraya ba. In mai injin ya juya rodin ƙasa da lokacin da aka ƙayyade, bai gauraya ba; in ya wuce lokacin, ya farfasa shi yana cikin daskarewa. Duk waɗannan daƙiƙu ne, kuma ma'aikacin da ake biya bisa yawan ƙusar da ya kafa ba zai tsaya ƙirga daƙiƙa ba. Maganin shi ne gwajin ja: a ɗaura wa ƙusa jak, a ja ta da ƙarfin da aka sani, a rubuta sakamako a littafi da ranar da wurin. Kayan wannan gwaji suna shiga bayan mota. Ina roƙon kowane ofishinku na jiha ya mallaki nasa, da sifanar auna ɗauri, don kada sufeto ya dogara da abin da mai mahaƙa ya ce ya auna.

Bayan kafawa sai ruwa. Inda ake haƙar dalma da tutiya da zinarin da ke tare da duwatsu masu farar wuta, ruwan rami yakan yi tsami ya ci ƙarfe. Bututu mai tsaga siriri ne, shi ke fara ruɓewa. Hanyar da aka riƙe da kyau shekara biyar da suka wuce tana iya zama rataye da tsatsa yau. A mahaƙun kwal na Birtaniya sun fito da wata 'yar na'ura mai sauƙi da ake ratayawa daga cikin rufi, mai zobban launi kore da rawaya da ja. In rufi ya fara saukowa, koren ya ɓuya, kowa ya gani da idonsa ba sai injiniya ba. Ba ta aiki da lantarki, ba ta da tsada. Me zai hana ta zama wajibi a kowace mararraba?

Akwai kuma abin da ƙusa ba ta iya yi ko da ta zinari ce. Ƙusa tana riƙe fatar rufi ne. Ginshiƙan dutsen da aka bari tsakanin hanyoyi su ke ɗauke da tudun gaba ɗaya. A Coalbrook ta Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Janairun 1960, ginshiƙai suka sare lokaci guda, mutum sama da 430 suka tafi, kuma daga wannan masifa ce aka samo lissafin girman ginshiƙi da ake koyarwa a jami'o'i har yau. A Crandall Canyon ta jihar Utah a Amurka, cikin Agustan 2007, mahaƙa 6 suka halaka a wurin da ake cin ginshiƙai ana ja da baya, bayan kwana goma masu ceto 3 suka bi su. Abin lura a nan, tsarin wannan mahaƙa yana ɗauke da sa hannun hukuma. Wato tambarin amincewa ba ya ƙara wa dutse ƙarfi idan wanda ya buga shi bai sake lissafin da kansa ba. Kada ku karɓi tsarin riƙe rufi sai da sa hannun injiniya mai rajista da COMEG, majalisar injiniyoyin haƙar ma'adinai da masana ilmin ƙasa, wanda zai amsa tambaya in abu ya lalace, kuma ku ma ku sami mutanenku da suka san ilmin ƙarfin dutse. Cibiyar koyar da haƙar ma'adinai da ke Jos tana nan. Maƙwabtanmu ma suna da gwanaye: mahaƙar yuraniyom ta Akouta kusa da Arlit ta yi aiki a zurfin kusan mita 250 daga 1978 har aka rufe ta a 2021, ta bar mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu suna riƙe rufi, da yawansu kuma suna jin Hausa.

Duk wannan da na zayyana, ranku ya daɗe, bai taɓa mafi yawan waɗanda ke mutuwa ba. Yaron da ya sauka da igiya a Maru ko Anka ko Birnin Gwari bai taɓa ganin ƙusar rufi ba, kuma ko an ba shi ba za ta yi masa amfani ba, domin ba ta da abin da za ta cije. Ƙasarmu daga sama jar ƙasa ce da marmara, ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen dutse da ake iya fasawa da diga, wani wuri har mita gommai kafin a kai dutse mai rai. Wannan ruɓaɓɓen dutse mayaudari ne. Da rani yana tsayawa ƙyam a miƙe, har mutum ya rantse ba zai taɓa faɗuwa ba. In ya sha ruwa sai nauyinsa ya ƙaru, riƙonsa ya ragu, ya zame a kan tsofaffin tsagogin da ya gada daga dutsen asali. Mita ɗaya ta kowane gefe ta jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kusa tan 2. Wanda ta binne zuwa ƙirji ma numfashi yana iya gagararsa kafin a kai gare shi.

Ku dubi yadda ake aikin. A haƙa rijiya a miƙe, a kai ga farin dutsen da ke ɗauke da zinari, ko yashin kuza a Filato inda suke kiran ramin loto, sannan a karkata a bi jijiya a kwance. Maƙwabci ya haƙa tasa rijiyar taku kaɗan daga nan, shi ma ya karkata. A ƙasa ramukan su haɗe, ba wanda ya san inda na wani ya nufa, ba taswira. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne ginshiƙi, kuma ginshiƙin nan shi ma da zinari a cikinsa. In jijiya ta fara ƙarewa, sai a juyo kansa a riƙa gutsura, yau buhu ɗaya gobe biyu. A sama kuma an tara ƙasar da aka fitar a bakin ramin, ta ƙara nauyi daidai inda bai kamata ba. Injin jan ruwa yana zubar da ruwan da ya jawo nan kusa, ya sake tsuma ya koma. Wani a gefe ya tashi nakiya ba tare da ya faɗa wa na ƙasa ba. In wuri irin wannan ya rufta, ba rami ɗaya ke tafiya ba, domin nauyin da ginshiƙi ɗaya ya saki kan na kusa yake faɗawa, shi ma ya sare.

Waɗannan mutane suna buƙatar tasu ƙa'idar, gajeriya, da Hausa da sauran harsunan wurin, wadda za a iya karantawa a rediyo cikin minti biyar. Ba ni zan yanke lambobin ba, ku da injiniyoyinku za ku yanke bisa ƙasar kowane yanki, amma abubuwan da za ta ƙunsa a bayyane suke. Tazara tsakanin rami da rami, da wanda zai auna ta kafin a sa diga. A ɗaure wuyan rijiya tun daga baki har a wuce ƙasa mai laushi, da zobban kankare irin waɗanda masu haƙar rijiyar ruwa suke zubawa a kowane ƙauye, ko da katako. Wannan sana'a ce da muke da gwanayenta, kawai ba a kai ta dajin zinari ba. Hanyar da ta karkata a kwance kada ta wuce faɗin da aka yanke, a tokare ta da itace mai kauri, ƙafa biyu da gicciye a sama, a matse da 'yan katakai kada a bar sarari tsakanin itace da rufi. A shafa wa ginshiƙi fenti, wanda ya taɓa shi a kore shi daga wurin. Ƙasar da aka fitar a kai ta nesa da baki, a ja lambatu ruwan sama ya kauce. Kowane rami mai zurfi ya zama da mafita ta biyu. Mahaƙan nan 33 na Chile da suka yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa a 2010 sun gwada fita ta hanyar shan iska, suka tarar tsanin bai kai sama ba. Inda kuma ake yanka buɗaɗɗen rami da katafila, a yanka shi hawa-hawa, kada a bar bango mai tsawon bene a miƙe mutane suna tsince-tsince a gindinsa.

A koya musu kuma sauraron dutse. Kafin a fara aiki, babba a cikinsu ya shiga da doguwar sandar ƙarfe ya ƙwanƙwasa rufi yana tsaye a wurin da aka riga aka tokare. Dutse lafiyayye yana amsawa da amo mai kaifi, wanda ya rabu da uwarsa yana amsawa holoƙo. A ɓamɓaro shi ko a tokare shi kafin kowa ya wuce. Yashi yana zubowa kaɗan-kaɗan, sabuwar tsaga a bakin rami, ruwa ya ɓullo inda babu shi jiya, itace yana ƙara: duk wanda ya ga ɗaya a fita. Da yawa daga cikin tsofaffin mahaƙa sun san wannan fiye da ni. Abin da ba su da shi shi ne ikon su ce a fita a kuma fita.

Nan ne maganar ta koma kan kuɗi. Wanda ke cikin rami ba shi ke da ramin ba. Akwai ubangida da ya kawo janareto da abinci da nakiya, shi ke kwasar kaso mafi tsoka, kuma da wuya ya sauka. Mai diga rabonsa yana kan buhun da ya fito. Ranar da ya ɓata yana kafa itace rana ce da bai samu komai ba, kuma in ya ce rufin nan bai kwanta masa a rai ba, akwai goma a bakin rami da ke jiran igiyar. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba mahaƙi 'yancin janye kansa daga wurin da yake da dalilin ganin haɗari ne ga ransa. Afirka ta Kudu ta sa wannan a sashe na 23 na dokarta ta 1996, ta kuma ba sufeto ikon tsayar da aiki nan take a sashe na 54. A wurinmu wannan 'yanci ba zai yi aiki ba sai an ɗora alhakin tokara a wuyan mai ɗaukar nauyin rami da mai riƙe da lasisin filin. Kamfanin da ya bar ƙananan mahaƙa suna aiki cikin filinsa yana sayen abin da suka fitar, kada a yarda ranar da rami ya rufta ya ce bai san su ba.

Damina kuwa, Mali da Burkina Faso suna sanar da rufe wuraren haƙar zinari na gargajiya a watannin ruwa. Ba kullum ake bi ba, gaskiya ne, amma sanarwar tana ba hakimi da shugaban mahaƙa abin da za su dogara da shi in sun ce a dakata. Galadima Kogo a farkon damina ta faru, Kadauri a ƙarshenta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce koya wa mai haramtacciyar haƙa yadda zai tokare raminsa tamkar halatta masa ne. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ba a jira iyayensu sun yi rajista ba kafin a koya musu su daina daka dutse a tsakar gida. An koya musu, an kuma ci gaba da maganar rajista. Sashen ƙananan mahaƙa na ma'aikatarku yana ta tara su cikin ƙungiyoyin gama kai. To a sa horon tokara ya zama sharaɗin rajistar, a kuma buɗe ƙofar horon ga wanda bai yi ba tukuna. Za a kuma ce akwai dazukan da sufeto ba zai iya shiga ba saboda 'yan bindiga. Wannan haka yake, kuma ba zan ce a tura kowa ga halaka ba. Amma ramukan kuza na Filato da na Bauchi da wuraren Nasarawa da dama ana zuwa da mota a dawo a yini. A fara da inda ƙafa ke kaiwa. Inda ba ta kaiwa, rediyo yana kaiwa, kuma mahaƙan nan yawo suke daga wannan daji zuwa wancan, abin da suka koya a Toro za su tafi da shi Maru.

Game da ceto, kalma ɗaya. Yawancin lokaci 'yan'uwa ne ke afkawa da hannu da shebur, su tono gindin abin da ya riga ya motsa, kashi na biyu ya zubo a kansu. Katafila ma in ta hau bakin ramin da ke da kogo a ƙasa tana iya ƙarasa waɗanda ke da sauran numfashi. Ku da hukumomin agajin gaggawa na jihohi ku ajiye 'yan tawaga da suka san tokara kafin tono, a garuruwan da ke kusa da wuraren haƙa.

Abin da na fi so ku fara da shi kuwa ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafi. A Amurka duk mahaƙin da ya mutu a bakin aiki, hukuma tana buga rahoton binciken a intanet, da zanen wurin, da abin da ya saki, da laifin wa. Injiniyoyi da ɗalibai a ko'ina suna karantawa, har mu nan. Ku buga abin da bincikenku ya gano a Galadima Kogo: zurfin ramin, tsayin bangon da karkatarsa, irin ƙasar, inda ruwa ya bi, abin da aka tokare da shi, da ranar da sufeto ya taka wurin na ƙarshe kafin 3 ga Yuni. Ku yi haka ga Kadauri da duk wanda zai biyo baya, ku riƙa fitar da adadin waɗanda ƙasa ta danne jiha-jiha duk shekara. Sannan kafin ruwan farko na damina mai zuwa, ku fitar da takardar ƙa'idar ƙananan ramuka, ko da shafi biyu ce, a kai ta gidajen rediyon Gusau da Minna da Jos da Kaduna da Bauchi. In kuna neman injiniyoyin da za su zauna su tsara ta da ku kyauta, ku yi shela ta COMEG, ni dai zan amsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani injiniyan dutse da ƙasa,
Jos.